Injin waje yana gurnani, fanka ba ta juyawa, kuɗin wuta ya ninka: daga ina zan fara?

"Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Kolumbus ta jihar Ohayo a Amurka. Bara na sayi gida, na tarar da na'urar nan da ke sanyaya gida da rani ta kuma ɗumama shi da hunturu, shekarunta kamar tara. Tun farkon Janairu na lura ma'aunin da ke bangon falo kullum yana nuna Aux Heat. Gida da ɗumi ba laifi, amma kuɗin wutar da aka kawo min ya kusa ninka na Disamba. Da na fita duba injin da ke waje sai na ji ya yi ƙas, ya kama gurnani, fankar sama ba ta motsi, ga ƙanƙara ta daskare a jikinsa. Abokina ya ce gas ne ya ƙare. Wani mai gyara da na kira a waya ya ce kwamfuresa ce ta mutu, in shirya sayen sabon inji. Ina da mita, na ɗan taɓa aikin wayarin a gida kafin in zo. Me zan iya dubawa da kaina kafin in kashe wannan kuɗi?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya sanya alheri a gidan. Idan na fahimce ka, abubuwa huɗu ka gani: injin waje yana amsa kira amma ba ya tashi, fanka a tsaye, ƙanƙara a jikinsa, sannan gida yana samun ɗumi da tsada. Kana so ka san ko maganar kwamfuresa gaskiya ce. Amsata a taƙaice ita ce babu mai iya yanke wa kwamfuresa hukuncin mutuwa ta waya. Ni ma ba zan iya ba. Amma alamomin da ka lissafa sun fi karkata ga ƙananan kayan wuta da ke cikin ɗan akwatin gefen injin, kuma da mitarka za ka iya tantance yawancinsu cikin awa guda.

Kafin komai, yau ɗin nan ka mayar da ma'aunin bango kan Em Heat, wato ɗumamawar gaggawa da hitar cikin gida kaɗai. Wannan zai hana shi ci gaba da kiran injin waje. Kuɗin wuta ba zai ragu ba, amma duk lokacin da kwamfuresa ta yi yunƙurin tashi ta kasa, wayoyin cikinta suna gasuwa. Wadda take da rai yau, idan aka bar ta tana wannan yunƙuri mako biyu, tana iya mutuwa da gaske.

Abin da ya sa gida ke da ɗumi alhali inji ya tsaya

Na'urar da kake da ita, wadda zan riƙa kira famfon zafi, ba ta da bambanci sosai da AC ɗin da muka sani a gida. A Kano na koyi gyaran firji da AC kafin in zo ƙasar nan, kuma ranar da na fara buɗe famfon zafi na ga duk tsofaffin sanina ne a ciki: kwamfuresa, kafasita, kontakta, fanka. Ƙarin da aka yi masa abu uku ne. Akwai bawul mai juya tafiyar gas, don da hunturu ya ɗebo zafi daga iskar waje ya shigo da shi ciki. Akwai allon da ke kula da narkar da ƙanƙara. Akwai kuma hitar taimako a cikin injin ɗaki, wato wayoyi masu yin ja kamar na risho mai aiki da lantarki.

Wannan hitar ce take ɓoye maka matsalar. Idan ma'aunin bango ya ga zafin ɗaki bai kai inda aka sa shi ba, sai ya kunna ta, shi ne Aux Heat ɗin da kake gani. Yawanci ƙarfinta kilowat 5 ne, ko 10, ko 15. Ita duk kilowat ɗaya da ta ci, zafin kilowat ɗaya take bayarwa. Famfon zafi kuwa ba ƙirƙirar zafi yake ba, jigilarsa yake, don haka da kilowat ɗaya yana iya shigo da biyu ko uku, gwargwadon sanyin waje. Ka ɗauka taka mai kilowat 10 ce kuma tana aiki awa takwas a rana: yunit 80 ke nan kullum. Ka ga inda kuɗinka ya tafi. A daren da sanyi ya yi tsanani, kamar yadda yake yi a Ohayo, ganin Aux na ɗan lokaci ba laifi ba ne. Ganinsa dare da rana shi ne alamar cewa injin waje ya ajiye aiki.

Ƙas ɗin da ka ji ya faɗi abu da yawa

Wuta iri biyu ce ke tafiya a na'urar. Akwai ƙarama mai volt 24 da ke fitowa daga ɗan tiransifoma a injin ɗaki, ita ce mai kai saƙo. Akwai babba mai volt 240, ita ce mai aiki. Idan ma'aunin bango yana son zafi, sai ya haɗa wayar R da ta Y, volt 24 ya tafi waje ya bi ta allon narkar da ƙanƙara da makullan kariya, ya isa kontakta. Kontakta ta ja, ta yi ƙas, ta sake wa kwamfuresa da fanka babbar wuta.

Tunda ka ji wannan ƙarar, to saƙo yana isa. Tiransifoma lafiya, ɗan fis mai amp 3 ko 5 da ke kan allon injin ɗaki (irin na mota ne) bai ƙone ba, wayar da ta fita waje ba ta tsinke ba. Rabin binciken ya ƙare ba ka taɓa sukudireba ba. Wannan kuma ya raunana maganar abokinka. Yawancin injinan nan suna da makullin da ke buɗewa idan gas ya zube, kuma idan ya buɗe kontakta ba ta ja kwata-kwata. Idan kuma kontakta ta ja, rashin gas ba ya hana fanka juyawa. Don haka hankalinmu ya koma ɓangaren babbar wuta.

A nan zan tsaya in ja kunnenka, don na san ka taɓa wayarin kuma sabo yana sa sakaci. Kashe ma'aunin bango ba ya raba injin waje da wuta. Injina da yawa suna zuwa da kontakta mai yanke layi ɗaya kacal, ɗayan layin yana wucewa kai tsaye, ko da inji yana kashe akwai volt 120 tsakaninsa da ƙarfen jiki. A shekarata ta farko a nan wannan layin ya taɓa fizgata a wani gida, hannuna ya yi kwana biyu yana ciwo, kuma Allah ne ya tsare don ƙasar a bushe take. Kai kuma kan ƙanƙara za ka tsaya. Ka zare makullin da ke akwatin bango kusa da injin, ka kashe bireka a babban allon gida, sannan ka auna da mita tsakanin layukan biyu, da tsakanin kowane layi da ƙarfen jiki, ka ga sifili da idonka. Ka gwada mitar a soket mai wuta tukuna don ka tabbata tana aiki. Idan zuciyarka ba ta natsu ba, da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Ka karanta sauran don ka san abin da za ka tambayi mai gyara.

Gurnanin na daƙiƙa ne ko na mintuna?

Wannan ce tambayar da ba ka amsa ba, kuma a kanta hanya ta rabu biyu. Idan gurnanin mai nauyi ne, ya yi daƙiƙa kaɗan ya ɗauke da kansa, wataƙila har fitilun gida su ɗan dusashe, to kwamfuresa ce take son tashi ta kasa, makarin zafi da ke cikinta ya yanke ta. Idan kuwa ƙarar tana ci gaba minti biyu, uku, biyar, kuma ka taɓa babban bututun da ya shiga gida ka ji yana ɗaukar ɗumi, to kwamfuresa tana aiki, fanka ce kaɗai ta tsaya. Ƙanƙarar da ka gani tana sa ni zargin na biyun, ko kuma da shi aka fara. Injin da ba ya aiki sam ba ya tara wa kansa ƙanƙara, sai dai wadda sama ta zubo masa. Amma kwamfuresa mai aiki ba tare da fanka ba, cikin ɗan lokaci take mayar da jikin injin dunƙulen ƙanƙara.

Ko wacce hanya ce, abin da zan fara dubawa ɗaya ne.

Kafasita

A cikin akwatin gefe za ka ga wani gwangwani mai ruwan azurfa, tsawonsa kamar gwangwanin lemo, da kawuna uku a samansa: C, HERM da FAN. Kafasita biyu ce a gida ɗaya, babba ta kwamfuresa, ƙarama ta fanka. A jikinta an rubuta misali 45/5, wato maikrofarad 45 na kwamfuresa da 5 na fanka, sai 370 ko 440 na volt, sai ɗan rangwamen da aka yarda da shi, galibi kashi 5 ko 6 cikin ɗari. Motar lantarki mai aiki da wutar gida, wato abin da ke juya fanka ko kwamfuresa, ba ta iya fara juyawa da kanta sai kafasita ta ba waya ta biyu da ke cikinta turi. Idan babu turin, sai ta tsaya cak tana jan wuta mai yawa tana gurnani. A cikin kiran da nake zuwa na inji yana ƙara ba ya tashi, wannan gwangwanin na fi samu da laifi, nesa ba kusa ba.

Bayan ka raba wuta, ka ɗauki hoton wayoyin da wayarka kafin ka cire ko ɗaya. Ka sauke cajin da ya rage a cikinta. Hanyar da ta fi tsafta ita ce rizisto mai om 20,000 da wat 5, ka gitta shi tsakanin C da HERM, sannan C da FAN, ka auna ka ga ba sauran volt. Masu gyara da yawa sukudireba mai roba suke gittawa. Sannan ka duba samanta. Idan ya kumbura kamar burodi, ko mai yana tsatsa, ta mutu, ba sai an auna ba. Amma kada lafiyar fuska ta ruɗe ka, na sha cire wadda take sumul kamar sabuwa amma babu komai a ciki. Ka cire wayoyin, ka sa mita a ma'aunin maikrofarad, ka auna C da HERM, sannan C da FAN. Mai 45 da ta nuna 43 tana cikin iyaka. Wadda ta nuna 36 ta gaji, wadda ta nuna sifili ta tafi. Ɓangare ɗaya yana iya mutuwa ya bar ɗaya, shi ya sa ake samun kwamfuresa na aiki fanka a tsaye.

Wajen saye, maikrofarad ya zama daidai da na tsohuwar, kada ka ce bari in ƙara don ta fi ƙarfi, motar za ka ƙona a hankali. Volt kuwa ana iya hawa, ba a sauka: mai 440 tana maye gurbin mai 370, amma ba a yin akasin haka. Ka kuma gwada lambar da abin da aka rubuta a jikin motar fanka da takardar injin, don gidan ba kai ka fara zama ba, wataƙila wani ya taɓa sa wadda ba ta dace ba.

Ga 'yan'uwana masu sana'a da za su karanta wannan: ana iya auna ta inji yana aiki. Amp ɗin wayar HERM sau 2652, a raba da volt ɗin da ke tsakanin HERM da C. Wannan lambar ta wutar Amurka ce mai zagaye 60 a daƙiƙa. A Najeriya da Nijar, inda take 50, da 3183 ake lissafi. Na fi yarda da wannan awon, don yana nuna halinta a ƙarƙashin kaya.

Kontakta da fanka

Kontakta ba ta da wuyar sha'ani. Ka duba bakin inda ƙarafan ke haɗuwa: idan ya yi baƙi, ya yi ramuka, ko robar gefe ta narke, a canza ta. Ba a goge ta da sanfefa, kwana kaɗan take ƙarawa. Bakin da ya ci wuta yana rage ƙarfin da ke isa ga kwamfuresa, ita kuma an rubuta mata iyaka a allon jikinta, yawanci daga volt 197 zuwa 253. A can gida tururuwa da tsaka ne ke shiga tsakanin ƙarafan, ga faɗuwar ƙarfin wuta da yamma. A nan tururuwa da rani, ɓera da hunturu, yana neman ɗumi yana cin rigar waya. Ka bi kowace waya da ido, ka ɗan ja kowane kai a hankali. Kai mai sako-sako yana yin zafi har ya ƙone ya rabu.

Fanka kuma, wuta a rabe, ka sa sanda ta cikin ragar sama ka tura fiffiken. Ya kamata ya juya sakayau ya ɗan yi tafiya da kansa. Idan ya ƙi, ka duba ko ƙanƙara ce ta riƙe shi, abin da ke faruwa bayan ruwan nan mai daskarewa da zarar ya sauka. Idan ba ƙanƙara kuma yana da tauri ko yana gurzawa, boris ɗin motar ya ci. Ƙanƙarar jiki da ruwa mai ɗumi ake narkar da ita. Kada ka kai mata wuƙa ko sukudireba, bututun ciki sirara ne, huda ɗaya za ta mayar da maganar abokinka gaskiya.

Akwai wani wuri da mutanen da suka saba da AC kawai suke mantawa. A famfon zafi, wutar fanka ba daga kontakta take tafiya kai tsaye ba, sai ta bi ta wani ɗan rile, wato ƙaramin makullin wuta, a kan allon narkar da ƙanƙara. Dalili shi ne lokaci-lokaci injin yana juya kansa zuwa sanyaya gida na 'yan mintuna don ya tura gas mai zafi waje ya narkar da raɓar da ta daskare, kuma a lokacin da gangan yake tsayar da fanka ya kunna hitar taimako. Za ka ji fuuu, ka ga tururi yana tashi, bai cika wuce minti goma ba. Mutane da yawa sun kira ni a firgice kan wannan, alhali lafiyarsa ƙalau. A tsofaffin alluna akwai ɗan fulogi da ake zaɓar minti 30, 60 ko 90 tsakanin dubawa da dubawa. Idan rilen nan ya ƙone, fanka ba za ta samu wuta ba ko da ita da kafasitarta lafiya suke. Idan kuma sensar da ke maƙale a bututu ta lalace ko ta faɗo daga mazauninta, allon ba zai san akwai ƙanƙara ba. Yawancin allunan suna da ƴar fitila mai ƙiftawa, ma'anar ƙiftawar tana rubuce a bayan murfin da ka cire, tare da zanen wayoyin. Ka ƙirga ƙiftawar kafin ka raba wuta, don wasu suna mantawa da zarar an ɗauke.

Yadda ake tabbatar da mutuwar kwamfuresa

Gani ya kori ji. Kwamfuresa irin taka tana da kawuna uku, C, R da S. Ba sai ka buɗe murfin kanta ba, kuma ban so ka buɗe, don kan da ya lalace yana iya fashewa ya feso mai da gas. Ka bi zanen ka gano wayoyinta uku inda suka ƙare a kontakta da kafasita, ka cire su, ka auna om a nan. Ƙa'idar ita ce awon C da R, a haɗa da na C da S, ya ba da na R da S. Misali 1 da 2 su ba da 3. Sannan ka auna kowace waya da bututun jan ƙarfe da ka kankare: kada mita ta nuna wata alaƙa ko kaɗan. Idan ta nuna, wayar ciki ta taɓa jiki, wannan kam ta mutu, kuma yawanci irin wannan tana faɗar da bireka nan take, abin da ba ka ambata ba.

Ga inda ake yi wa kwamfuresa da yawa jana'iza da ranta. Idan R da S suna da alaƙa, amma C ba ta da alaƙa da kowannensu, mafi yawan lokuta makarin zafin ciki ne ya buɗe, kuma yana iya ɗaukar awoyi kafin ya huce ya rufe. Na taɓa zuwa gidan wata dattijuwa da aka riga aka rubuta mata takardar sabon inji a kan wannan awon. Na bar shi ya kwana a kashe, da safe awo ya dawo daidai, na sa kafasita sabuwa, ya tashi. Kwamfuresar da za a ce ta maƙale ita ce wadda aka ba ta kafasita mai kyau, aka tabbatar volt yana isa lokacin yunƙurin, aka gwada mata na'urar taimakon tashi, amma mitar maƙala ta nuna tana jan amp kusa da lambar LRA (amp ɗin da take ja idan ta maƙale) da ke allon jikinta ba ta juya ba.

Inda hannunka zai tsaya

Duk awon da ake yi wuta na ciki, kamar volt a bakin kontakta lokacin tashi ko amp ɗin kwamfuresa, ka bar wa mai lasisi. Haka duk abin da ya shafi gas: dokar ƙasar nan ta sashe na 608 ta hukumar kare muhalli ta keɓe shi ga mai takardar shaida. Kuma duk bayanin nan na injin gargajiya ne mai gudu ɗaya. Idan ka buɗe ka ga babban allo mai cike da kayan lantarki babu gwangwanin da na kwatanta, naka mai inbata ne, wato mai sauya gudun kwamfuresa, irin su Mitsubishi da Daikin. Ka mayar da murfin. Waɗannan suna riƙe sama da volt 300 na mintuna bayan an ɗauke wuta, kuma da lambar kuskure ake bin su. Ni kaina ba na taɓa su sai da littafin kamfanin a hannu.

Ka kuma nemi lambar injin ka bincika garantinsa. Manyan kamfanoni da yawa suna ba da shekara goma a kan kayan ciki idan an yi rijista, biyar idan ba a yi ba, sai dai wasu ba sa barin cikakken garantin ya bi gida zuwa hannun sabon mai shi. A shekara tara, kira ɗaya ya cancanta.

Idan kafasita ce ka canza, kada ka kunna nan take. Injina da yawa suna da ƴar hita a gindin kwamfuresa mai hana gas kwanciya cikin mai, kuma tun da ka raba wuta ita ma ta huce. Ka mayar da wutar waje, ka bar ma'aunin bango a Em Heat na awoyi, in da hali ya kwana, sannan ka mayar da shi Heat. Zai yi jinkirin kamar minti biyar, wannan kariya ce. Ka tsaya kusa ka ga fanka ta juya, bayan minti goma ka taɓa babban bututu ka ji ya yi zafi. Ka ci gaba da leƙa shi kwana biyu ka ga ko yana narkar da ƙanƙararsa da kansa, don ruwa ba ya tsami banza, wataƙila motar fanka mai jan wuta fiye da kima ce ta kashe kafasitar farko.

Idan kuma mai gyara za ka kira, ka ce ya zo ya auna a gabanka ya rubuta maka maikrofarad na ɓangarorin kafasita biyu, volt a fitar kontakta lokacin tashi, om na kawunan kwamfuresa uku da awonsu da jiki, da amp ɗin da take ja. Ka turo min waɗannan lambobin tare da hoton allon jikin injin da tsawon lokacin da gurnanin yake ɗauka, in sha Allahu sai mu duba tare.